Jirgin da Baba ya zaɓa

Kwale-kwalen Kaka ya girmi tafkin da yake yawo a cikinsa. Daga gungumen maɗaci guda aka sassaƙe shi, tun Kwara tana kogi mai gudu, tun tsibiran da ke ƙasa da Yawuri suna da mutane da rumbuna da gonakin albasa. Na taso na tarar da shi baƙi ƙirin, cikinsa ya yi sulɓi saboda yawan ƙafafun da suka taka shi, gefensa na dama da faci uku na kwano. In an kife shi a gaɓa don ya sha iska, mu yara mukan shige ƙarƙashinsa muna shaƙar ƙarnin kifi da warin kwalta. A ranin 1986, ina da shekara 12, ya tsage tun daga goshi har kusan tsakiya. Baba ya kira masassaƙi. Mutumin ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa itacen da bayan gizago, ya kasa kunne, sannan ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "Malam, sai haƙuri. Wannan ya gama nasa."

Gidan Basarke ba jirgi daidai yake da gidan manomi ba fartanya. Wata biyu Baba da ƙanensa, Baffanmu, suna aron na maƙwabta, su fita bayan mai shi ya dawo, lokacin da kifi ya riga ya nutsa. Aka sayar da bijimin da ke kiwo a wurin Fulani, aka haɗa da kuɗin albasar wannan shekara da ɗan abin da Baba ya ɓoye a gwangwani. Da aka ƙirga sai aka ga kuɗin zai yi ɗayan biyu: ko babban jirgin katako da tsohon inji, wanda zai ɗauke gidan gaba ɗaya, ko ƙananan kwale-kwale marasa nauyi da sababbin kayan su.

Baffa ne ya fara magana, a zaure, bayan sallar isha'i. Ina daga bakin ƙofa ina riƙe da buta, ina jan ƙafa don kada a sallame ni.

"Yaya, mu masunta ne. Kifi ba ya son hayaniya. Ka sayi ƙanana biyu, ɗaya naka ɗaya nawa, ragowar kuɗin mu zuba a kalli da mamari. Kafin baƙin ruwa ya wuce, in Allah Ya yarda, mun mayar da abin da muka kashe."

Duk wanda ya tashi a bakin Kwara ya san ruwa biyu ne a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, akwai kuma baƙin ruwa da ke isowa da hunturu, bayan ya yi watanni yana tafe daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali da Nijar, lakarsa ta kwanta a hanya. Baffa da wannan lissafi yake magana, kuma bai faɗi abin da bai sani ba. Ƙaramin kwale-kwale mutum ɗaya ke tura shi ruwa da asuba ba tare da ya tashi kowa daga barci ba. Yana kutsawa cikin ciyawa inda tarwaɗa ke kwana, yana ratsa ruwan da bai kai gwiwa ba. Ba ya shan mai, filafili da damtse sun ishe shi. In za ka jefa birgi, kana tsaye a goshinsa kana jin motsin ruwa ta tafin ƙafarka. In ya ɓule, rabin yini ya isa a toshe shi. Ni kam tun a daren nan na bi bayan Baffa, domin na san ƙarami ne kaɗai za a yarda yaro kamata ya riƙe wa filafili.

Inna ba ta shiga zaure, amma zana ba ta tare magana.

Inna Bagungiya ce, a tsibiri aka haife ta. Tana yarinya aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, kuma a 1968 aka tare kogin, ruwa ya soma hawa. Fiye da mutum 40,000 aka tasa daga garuruwansu. Tsohuwar Bussa ta nutse, aka gina sabuwa a tudu, tsibirai da yawa suka shige ƙarƙashin ruwa. Mutanen ƙauyensu Inna aka kai su gaɓar yamma, ɓangaren Borgu, aka ba su gidajen siminti, ita kuma aure ya kawo ta gabas. A da, in ji ta, daga tsibirinsu zuwa gaɓa in ka ɗaga murya ana jin ka, yarinya ma kan tuƙa kanta ta je ta dawo kafin tuwo ya nuna. Yanzu tsakaninta da uwarta akwai tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, wanda a mafi faɗinsa ya haura kilomita 20. Iska ta samu fili, tana tayar da raƙuman ruwa irin waɗanda mutanen kogi ba su saba da su ba. Babu mai hankalin da zai sa mace da goyo a ƙaramin kwale-kwale ya ce zai ƙetare. Sai dai ta jira jirgin kasuwa.

Shekara biyu kafin wannan magana mahaifinta ya rasu. Saƙo ya iso da dare, cikin bazara, iska na kaɗawa. Baba ya tsaya a gaɓa ya daɗe yana duban ruwa, ya dawo ya ce ba za a iya ba. Sai bayan kwana biyu aka samu jirgin kasuwa. Ta isa ana sadakar uku. Ban taɓa jin ta tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Abin da na ji kawai shi ne, washegarin maganar zaure, da ta kawo wa Baba fura, ta durƙusa ta ajiye ƙwarya, ta ce a hankali, "Malam, duk wanda za ku saya, Allah Ya sa albarka. Ni dai ina roƙon a samu inda zan zauna a ciki."

Baba bai ce komai ba. Mako guda ya yi yana gyaran tsohuwar koma da babu abin da ya same ta. Ran nan da safe ya sa hula, ya kira ni da Yayanmu babba, muka nufi bakin ruwa a Yelwa inda kafintocin jirgi ke aiki.

Can na fara ganin yadda ake haɗa jirgin katako. A lokacin manyan itatuwan da za a sassaƙe jirgi guda daga cikinsu sun yi wuya, sai katako da ake kawowa a mota daga kudu. Ana shimfiɗa faffaɗan gindi, a kafa haƙarƙari, a lanƙwasa katakon gefe a bi shi da ƙusa. Duk inda katako biyu suka haɗu sai a cusa tsumma da bakin ƙarfe, a zuba narkakkiyar kwalta, a rufe da siririn kwano, a jera masa ƙananan ƙusoshi kamar ɗinkin hannu. Baba ya zauna a kan gungume yana kallo, ya taka tsawon da yake so da ƙafarsa, ya ce a sa benci biyar, a kuma kafa sanduna a tsakiya inda za a ɗaura rumfa. Kafinta ya ɗago kai ya ce, "Rumfa kuma, Malam? Na su ne ko na fito?" Baba ya ce, "Na gida ne."

Da labari ya kai wa Baffa, cewa kawai ya yi, "To, Yaya, kai ne babba." Ya yi kwanaki ba ya zama hira. Amma ranar da za a saka jirgin a ruwa shi ne a gaba riƙe da igiya, kuma shi ya ɗaura injin da hannunsa, tsohon Yamaha mai ƙarfin doki 25 da aka saya a wurin wani mai fito.

Ƙetarawar farko ita ce abin da ba zan manta ba. Farin ruwa ya cika tafkin, sararin sama ya wanke bayan ruwan dare. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa. Inna da Gwaggo suka zauna, ƙannena suka jeru a benci an hana su leƙe, aka saka buhun shinkafa, da kwandon bandar ƙurungu, da kaji a akurki, da rago ɗaure a goshi yana ta kuka. Ni aka ba ni ƙoƙon kwarfe ruwa, na riƙe shi kamar sandar sarauta. Yaya ya ja igiyar inji sau uku, ya tashi, hayaƙi shuɗi ya biyo bayanmu, maƙwabta na ɗaga hannu daga gaɓa. Ban taɓa ganin garinmu ya ƙanƙance haka ba, har ya koma ɗan layi tsakanin ruwa da sama.

Mun yi nisa sosai, babu abin da ake gani sai ruwa da kawunan matattun itatuwa da suka leƙo nan da can, farare fat, tsuntsaye na zaune a kansu. Sai Inna ta miƙe zaune, ta dubi wani dutse a gaɓar yamma, ta juya ta dubi wani a gabas, ta sake duban na farko. Ta ce, "Malam, a rage gudu." Baba ya yi wa Yaya alama, aka kashe injin gaba ɗaya. Shiru ya sauka, sai ƙarar ruwa a jikin katako. Ta nuna wani wuri da ni ban ga bambancinsa da sauran ruwan ba, ta ce, "Nan ne. Ga tsamiyar ƙofar gidanmu can. Kakannina suna ƙarƙashin nan." Shekara 18 rabonta da tsayawa a wurin. Jirgin kasuwa yakan bi ta kusa, amma wa zai ce wa mai jirgin haya ya tsaya a tsakiyar tafki saboda tsamiya? Baba ya ɗaga hannu, duk muka ɗaga, aka yi Fatiha. Inna ta sa hannu ta ɗebo ruwan ta shafa a fuska, ta shafa wa autarmu. Ba ta yi kuka ba sai da muka hango uwarta tsaye a gaɓa, ta kare ido da tafin hannu tana ƙoƙarin gane ko jirgin wane ne.

Daga nan lissafin Baffa ya fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. A watan Satumba na wannan shekarar gwamnatin Babangida ta saki darajar naira, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Filogi, farfela, baƙin man da ake gaurayawa da fetur, kowanne sai an yi shawara kafin a saya. Dajin da ruwa ya cinye ba a sare shi duka ba, don haka in tafki ya ja baya da rani kututture na nan a ɓoye dab da fuskar ruwa. Sau biyu a shekarar farko muka karya farfela. Jirgin kuma ba ya motsi sai da mutum huɗu: mai inji, mai gora a goshi, mai kwarfe ruwa, da wanda zai taimaka a tura. In ɗaya ya kwana da zazzaɓi, ranar ba fita. Ga su kuwa, bai iya ba. Ba ya shiga ciyawa, inuwarsa da ƙararsa suna korar karfasa tun daga nesa. Dama kifin ya ragu. Manya suna ba da labarin shekarun farko bayan tare ruwa, lokacin da faliya ta yi yawa har ana rasa itacen banda, amma mu ba mu tarar da wannan ba. Aikin su ɗaya da babban jirgi ya dace da shi shi ne jan taru, wanda a can ake kira dala, ana kama warangi da shi. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 aka hana dala a tafkin saboda tana kwashe 'ya'yan kifi. Hanin daidai ne, na yarda da shi har zuciyata, ko da yake shi ya raba jirginmu da kamun kifi kwata-kwata.

Baffa bai jira wannan ba. Shekara na zagayowa da saka babban jirgin a ruwa ya ci bashi aka haɗa masa ɗan ƙaramin kwale-kwale na katako, mara nauyi, wanda mutum biyu za su iya ɗagawa. Ni na zama ɗan tuƙinsa duk ranar da ba makaranta. Abin da na sani na ruwa, a wannan ɗan jirgi na koya. Yadda ake tsoma filafili ba tare da ya yi ƙara ba. Yadda ake gane wurin da dorina take daga kumfar da ke tasowa, a kauce tun da nisa. Yadda ake bin mamari ƙugiya bayan ƙugiya cikin duhun asuba, hannu na jin nauyi kafin ido ya ga komai. Ranar da muka kama giwan ruwa da ya kusa kai tsawona, sai da Baffa ya ce in kwanta a gindin jirgin don kada mu kife, ya yi ta fama da shi har rana ta fito. Ba ma yawan magana. Wani lokaci yakan miƙo mini guntun rogo ba tare da ya waiwayo ba. Da aka gama madatsar Shiroro a 1990, labari ya zo cewa sabon ruwa na da kifi, sai ya ɗora ɗan jirginsa a bayan akori-kura, ya ɗaure shi da igiya, ya tafi da iyalinsa suka kafa tunga a can. Ƙarami yakan bi mai shi duk inda ya nufa. Namu babu motar da za ta ɗauke shi, don haka muka zauna inda yake.

Baba ya koma mai fito. Yana kai albasa da shinkafa da bandar kifi kasuwannin bakin tafki, Wara da Malale da sauransu, ya dawo da gishiri da kananzir da fasinja. Abinci bai yanke a gidanmu ba, kuma da kuɗin fito aka biya mini makaranta. Amma na sha ganinsa da sassafe, muna ratsawa da lodi, ya bi wani masunci da kallo, mutum shi kaɗai a ɗan jirginsa yana warware birgi a iska, har sai mun wuce wuyansa na juye. Mutumin da aka san shi da jifan birgi tun yana saurayi ya shekara ashirin hannunsa na warin fetur. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Ni ne dai na ga kallon.

Akwai wata doka tasa da nake tunawa da ita kullum. Ya sa an ja layi da jan fenti a jikin jirgin ta waje, tun daga goshi har baya. In lodi ya sa ruwa ya taɓa layin nan, ko ɗan'uwansa ne ya zo da buhu ɗaya ba zai ɗauka ba, kuma ba ya tashi bayan la'asar sakaliya. An yi masa gori a kan haka, ana cewa Malam ba ya son kuɗi. A watan Mayu na 2021, da jirgi ya nutse kusa da Wara ɗauke da mutane fiye da 100, yawancinsu ba su fita ba, ina zaune a Kaduna na ji a rediyo, jan layin nan ne ya fara faɗo mini a rai. Babban jirgi yana sa mutum ya saki jiki. Mai ƙaramin kwale-kwale ya san tsakaninsa da ruwa ɗan yatsa ne, ba ya wasa. Mai babba sai ya riƙa ganin ai akwai sauran wuri.

In aka tambaye ni yau wa ya fi gaskiya, zan ce ta fuskar sana'a Baffa ne, ba tantama. Ya fi Baba samun kifi, ya fi shi kwanciyar hankali, bai taɓa kwana yana tunanin kuɗin mai ba, balle yanzu da aka cire tallafin fetur a 2023 masu inji da yawa suka koma filafili. Sai dai na daina ganin abin da Baba ya yi a matsayin kuskure tun ranar da na zauna na tuna abin da jirgin nan ya ɗauka. Shi ya kai Yayarmu ɗakin mijinta da gadonta da jerenta, mata na guɗa a ƙarƙashin rumfa. Shi ya ƙetare da matar maƙwabcinmu cikin dare da naƙuda ta zo mata da gardama, Baba ya karya dokarsa ta tafiyar dare, Yaya na haska tocila a goshi yana kiran kututture. Shi ya ɗauki akwatina ranar da zan tafi makarantar kwana. Kuma da uwar Inna ta kwanta ciwon ajali, saƙo ya iso da hantsi, kafin azahar Inna na zaune a gefenta riƙe da hannunta. A hannunta ta cika.

Mu ne muka kashe jirgin, mu 'ya'yansa, ba tare da mun yi niyya ba. Yaya ya koma sayar da kifi a Yelwa, ni karatu ya kai ni birni, ƙannena biyu suka bi aikin gwamnati. Jirgin da ke neman mutum huɗu ya rasa uku. Baba ya ɗauki yaran haya na ɗan lokaci, abin bai yi ba. Aka sayar da injin, aka ja jirgin tudu ƙarƙashin wata ɗorawa, rana da gara suka raba shi. Katakon da ya rage aka yi ƙyauren zaure da shi, har yau ana ganin guntun jan layin a jikinsa, a karkace.

Wani zuwa da na yi gida da hunturu, na tarar da sabon ɗan kwale-kwale a gaɓa, ƙarami, kwaltarsa ba ta gama bushewa ba. Na tambayi ƙanwata na wane ne. Ta ce na Baba ne, Inna ce ta saya masa. Shekara uku tana zuba adashe da kuɗin bandar kifi ba ta gaya wa kowa ba, da ta kwasa sai ta aika aka kira kafinta, ta ce a yi shi yadda tsoho zai iya turawa shi kaɗai.

Washegari na fito da asuba na same su a bakin ruwa. Baƙin ruwa ya iso, tafkin ya kwanta lumui, hazo na tashi a kansa. Baba ya naɗe wando zuwa gwiwa, birgi a kafaɗa, ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Inna ta tattare zane, ta sa ƙafa ɗaya, jirgin ya yi tangaɗi, ta dafa kafaɗarsa ta zauna a tsakiya. Na ce, "Inna, ina za ki a wannan ɗan abu?" Ta ce, "A irinsa na girma." Ta miƙa hannu Baba ya ba ta filafili, shi ya hau goshi ya tsaya, ta tsoma shi a ruwa ba ƙara, suka bi gefen ciyawa.